Rawar bale da kayan yayi: wa ya yanke ma'aunin kyan jiki?

Hajiya Rabi Mai Ɗinki:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tarihi da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a sana'ata. Duk mai ɗinkin mata ya san cewa a 'yan shekarun nan yayin amare ya koma riga mai matse ƙugu, wadda ake jera wa siraran robobi ko ƙarafa a ciki don ta riƙe jiki, sannan a tara yadin raga a ƙasa, ninki a kan ninki, har siket ɗin ya buɗe. 'Yan mata kuma sun koma takalmi filat mai ɗan zare ɗaure a gaba. Da na bi diddigin hotunan da ake kawo mini a waya, sai na ga yawancinsu daga manyan gidajen ɗinkin Turai suke, su kuma ba sa ɓoye cewa daga rawar bale, wato rawar dandali ta Turawa wadda mata ke tsayuwa a kan tsinin yatsun ƙafa, suka ɗauko salon. Yadin bai dame ni ba, domin aikina ke nan. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne jikin da ake so a cusa a cikinsa. Yarinya za ta zo in auna ƙugunta, ta ce in rage inci uku daga awon, wai kafin ranar biki za ta rame ta shiga ciki. Mun taso muna yanka yadi ya bi jiki, yau kuma jiki ake so ya bi yadi. To ta yaya rawar da yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalla ba ta kai ga faɗa wa duniya yadda kyakkyawar mace za ta kasance?

Malam Auwal:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne, da fari maza ne ke kan gaba a wannan rawa, kuma ta masu sarauta ce. A fadojin Italiya ta samo asali a ƙarni na 15, ta kafu a Faransa bayan Catherine de Medici ta auri ɗan sarkin ƙasar a 1533. Sarki Louis na 14 da kansa yana taka ta. A 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a matsayin rana mai hudowa cikin kaya masu ruwan zinare, a 1661 kuma ya kafa cibiyar malaman rawa ta masarauta. A wancan zamani ƙafar namiji ake kallo, domin mazan fada gajeren wando suke sawa da dogon safa, kuma cikakkiyar sharaɓa abin alfahari ce. Mata ba su fara rawa a matsayin sana'a a dandalin Opera, babban gidan waƙa da rawa na Paris, ba sai 1681, kuma sun shigo ne cikin kayan fada masu nauyi, rigar tana jan ƙasa, takalmin mai tsini.

Matan ne da kansu suka fara yaƙi da wannan nauyi, kuma dalilinsu na aiki ne. Marie Camargo, wadda ta fara rawa a Paris a 1726, ta rage tsawon siket ɗinta har idon sawu ya bayyana, domin a ga saurin ƙafarta. Marie Sallé kuma a 1734 a Landan ta fito cikin rigar yadi mara nauyi, gashinta a sake, ba tare da ƙarafan da ke buɗa siket ba.

Siffar da Hajiya ke gani a hotuna ta kafu ne a 1832, lokacin da Marie Taglioni ta fito a Paris a wasan La Sylphide, wanda mahaifinta ya tsara mata. Ta fito ne a matsayin aljanar iska, cikin farar riga mai matse ƙirji da siket ɗin raga har ƙasan gwiwa, tana tsayuwa a kan tsinin yatsun ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Abubuwa biyu sun taimaka mata. A farkon ƙarnin John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a Ingila, yadin da a da sai da hannu ake saƙa shi ya samu a wadace, sannan an sa fitilun gas a dandalin, waɗanda haskensu ke ratsa farar raga ya sa mace ta yi kama da inuwa. Matan Paris suka shiga kwaikwayon gyaran gashinta da shigarta. Tun daga lokacin aka ɗaure kyan mace da rashin nauyi, da fari, da rauni.

Malam Isufu Damagaram:

Malam Auwal, Allah ya ƙara sani. Ina so in tsaya a kan waɗannan fitilu, domin a nan ne ake ganin farashin abin. Layin fitilun gas ɗin a bakin dandali yake, a ƙasa, daidai inda gefen siket ke wucewa, raga kuwa da ta ji wuta take tashi gaba ɗaya. A 1844 'yar rawa Clara Webster ta ƙone a dandalin Drury Lane na Landan a gaban 'yan kallo, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A 1859 hukumomin Faransa suka ba da umarnin a riƙa tsoma kayan wasa a wani magani mai hana kamawar wuta. Maganin yana aiki, amma yana sa raga ta yi tauri, farinta ya dusashe. Emma Livry, ɗalibar Taglioni da ake sa ran za ta gaje ta, ta ƙi sa irin wannan siket, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da zai faru. A watan Nuwamba na 1862, ana cikin gwaji, siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinyar ƙuna, ta rasu a watan Yuli na 1863 tana da shekara 20.

Ban ga dalilin ɗora mata laifi ita kaɗai ba. Yarinya ce da ta san abin da masu kallo suka biya kuɗi su gani, ta kuma san cewa idan ta fito cikin dusasshen siket wata za a ba wurinta.

Ya kamata kuma a san su wane ne waɗannan 'yan mata. Yawancin ƙananan 'yan rawar Opera 'ya'yan talakawa ne, ana kai su tun suna ƙanana don su taimaka wa gida. Attajiran da ke biyan kuɗin kujera na shekara suna da izinin shiga ɗakin bayan dandali inda yaran ke motsa jiki, kuma kowa ya san abin da ke kai da yawansu can. Mai zane Edgar Degas ya yi zanen 'yan rawa fiye da dubu, a wasu za ka ga waɗannan maza cikin baƙaƙen kaya tsaye a gefe. Gunkin yarinya 'yar shekara 14 da ya nuna a 1881, wanda ya sa wa siket ɗin yadi na gaske, siffar Marie van Goethem ce, 'yar tela da mai wankau. Masu sharhi na lokacin sun kira gunkin mummuna, ita kuwa aka sallame ta daga Opera a shekarar da ta biyo baya. Yau hotunan Degas ake rataye wa a ɗakin yara mata don ado, ana yi wa rogo kallon kitse.

Hajiya Rabi Mai Ɗinki:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isufu, wannan labari ya taɓa ni, domin haɗarin bai wuce ba. Ragar da muke saye a kasuwa yanzu ta roba ce, ba ci da wuta kawai take yi ba, narkewa take ta manne a fata. Ga shi kuwa amaryarmu ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta. Na taɓa ganin an sa wa amarya rigarta, ƙawaye suka tura kasko ƙarƙashin siket don ƙamshi ya kama, kafin a ankara ninki biyu na ciki sun narke sun dunƙule sun yi baƙi, Allah ne ya kiyaye akwai zane a jikinta. Tun daga nan duk wadda na ɗinka wa irin wannan riga sai na gargaɗi uwarta cewa a turara jiki da gashi tukuna, a fitar da kaskon daga ɗakin, sannan a sa riga.

Malama Zainab:

Allah ya saka, Hajiya, wannan gargaɗi ya dace. Ni zan ɗauki zancen daga inda masu ɗinki suka shigo da gaske. A 1909 Sergei Diaghilev ya kawo ƙungiyar 'yan rawan Rasha birnin Paris, a 1910 suka nuna wasan Shaharzad, wanda aka ɗauko daga farkon labarin Dare Dubu da Ɗaya da muka sani. Mai zanen kayan, Léon Bakst, ya cika dandali da kore da ja da ruwan lemo, da buɗaɗɗun wanduna da rawuna da duwatsun ado, a lokacin da matan Paris ke sa launuka masu sanyi. Cikin shekara guda shahararren mai ɗinki Paul Poiret ya fitar da irin waɗannan wanduna da rawuna, a 1911 kuma ya shirya liyafar da ya kira dare na dubu da biyu, inda ya wajabta wa baƙi shigar Gabas. Shi dai ya musanta cewa daga Bakst ya kwaikwaya, amma zamani ɗaya ne kuma gari ɗaya.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne irin Gabas ɗin da aka nuna. Wasan ya ginu ne a kan matan sarki da bayi baƙaƙe, da sha'awa da kisa, kuma Vaslav Nijinsky da ya fito a matsayin bawa sai da aka shafe masa jiki da launi mai duhu. Wato tufafin Musulmin Gabas sun shiga yayin Turai ta ƙofar wani hoto da Turawa suka zana wa kansu, ba tare da an tambayi masu tufafin ba. Poiret yana alfahari da cewa ya raba mata da rigar matse ƙugu, amma shi ne kuma ya yayata siket mai matse ƙafafu wanda mace ba ta iya buɗa taku a cikinsa.

Daga nan hulɗar ba ta yanke ba. Coco Chanel ta ɗinka wa ƙungiyar Diaghilev kayan wasa a 1924, kayan wanka da na wasanni saƙaƙƙu. A 1947 Christian Dior ya dawo da matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket mai cin yadi da yawa, alhali Turai ba ta gama fita daga ƙarancin kaya na bayan yaƙi ba, kuma fitacciyar 'yar rawar Ingila Margot Fonteyn tana cikin masu sayen kayansa. Rigar amaryar da Hajiya ta kwatanta jikanyar wannan ɗinki ce. Takalmin filat kuwa, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mai tsara tufafi Claire McCardell ta Amurka ta nemi kamfanin Capezio mai yin takalman rawa ya yi musu ƙasa mai ƙarfi don a taka a titi. A Faransa Rose Repetto ta fara ɗinka wa ɗanta takalman rawa a 1947, a 1956 ta yi wa 'yar fim Brigitte Bardot na fita. Audrey Hepburn, wadda siririn jikinta ya zama abin koyi, bale ta fara koya kafin fim, kuma yunwar da ta sha a Holand lokacin yaƙi tana cikin abin da ya hana ta kaiwa ƙololuwa a rawar.

Bashir:

Gaisuwa ga manyanmu. Da izininku, ina ganin ana ɗora wa rawar nauyin da ba nata kaɗai ba. 'Yar bale 'yar wasan motsa jiki ce kafin komai, tana fara koyo tun tana ƙarama, tana yin awoyi da dama kullum tsawon shekaru. Namiji zai ɗaga ta sama da kansa sau da yawa a dare guda, kuma dukan nauyinta yana sauka a kan yatsun ƙafa. Kowane wasa yana da jikin da ya dace da shi, ba wanda ke zargin masu ƙwallon kwando don suna neman dogo, ko masu sukuwa don suna neman mara nauyi. Ramar da ta zama yayi kuwa mujallu da masu tallan kaya ne suka yaɗa ta, tun daga Twiggy, siririyar mai tallan kaya ta Ingila, a shekarun 1960 har zuwa ƙasusuwan da aka riƙa nunawa a shekarun 1990. Masu ɗinki sun ɗauki siffar 'yar rawa suka bar wahalarta da ƙarfinta, to ai laifin nasu ne. Sannan kada mu manta mu ma muna da namu ma'aunin. A nan ƙiba aka daɗe ana yabo, har yau akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin ƙiba kafin aure, ba kuwa daga Paris suka koyo ba.

Dakta Maryam:

Ƙanena Bashir, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ƙwayoyin da ka ambata muna ganin illarsu a asibiti, hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Amma batun cewa rawar ce da kanta ke buƙatar rama, tarihi bai goyi bayansa ba. Pierina Legnani, 'yar Italiya da ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake a birnin Saint Petersburg a 1895, mace ce mai cikakken jiki da ƙaƙƙarfar ƙafa, hotunanta suna nan. A wancan zamani, 'yar rawar Rasha Anna Pavlova ce ake gani ta cika rama da rauni. Wato ɗaya daga cikin motsi mafi wuya da ake yi har yau, jikin da ba siriri ba ne ya fara yin sa.

Canjin ya yi ƙarfi ne a New York, a hannun George Balanchine, wanda ya kafa makarantarsa a 1934 da ƙungiyar New York City Ballet a 1948. Yana son doguwar ƙafa, dogon wuya, ƙaramin kai da shafaffen jiki. A wasu wasanninsa, kamar Agon na 1957, ya cire siket da duk wani ado, ya bar 'yan rawa cikin matsattsun kayan gwaji. A nan maganar Hajiya Rabi ta fito sarai. Muddin akwai rigar matse ƙugu, riga ce ke ba da siffa, idan an tashi a cire ta a huta. Da aka cire rigar, sai aikin ya koma kan naman jiki, wanda ba a iya cire shi da dare. Gelsey Kirkland, ɗaya daga cikin taurarinsa, ta rubuta a tarihin rayuwarta na 1986 cewa ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙashin ƙirji yana cewa dole a ga ƙashi.

Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa haɗarin kamuwa da cututtukan da suka shafi cin abinci ya ninka kusan sau uku a tsakanin 'yan rawa. Yarinyar da ke aiki mai tsanani ba ta cin abin da ya ishe ta, al'adarta takan ɗauke, sinadarin da ke kare ƙashi ya ragu, ƙashin ya riƙa tsagewa, kuma wannan na faruwa ne a shekarun da ya kamata ƙashi ya ƙarasa ginuwa. Zuciya ma takan raunana. A 2003 gidan rawa na Bolshoi da ke Moscow ya kori Anastasia Volochkova bisa cewa ta yi nauyi, alhali nauyinta bai wuce kimanin kilo 50 ba, sai kotu ce ta ba da umarnin a mayar da ita. A 2012 gidan La Scala na Milan ya sallami Mariafrancesca Garritano bayan ta faɗa a fili cewa cutar ƙin cin abinci ta yi yawa a cikin abokan aikinta. Waɗannan hukunce-hukunce mutane ne suka yanke su bisa abin da idonsu ke so.

Bashir:

Na gode, Dakta. Na karɓi hujjar Legnani, amma ina nan a kan cewa a bambanta tsakanin fasahar da masu tafiyar da ita. Carlos Acosta ɗan direban babbar mota ne daga wata unguwar talakawa a Havana, rawar ce ta kai shi ga zama babban tauraro a Landan. A Legas ma, a 2020, duniya ta ga Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama, daga baya ya samu gurbin karatu a makarantar Elmhurst da ke Birmingham. Abin da ya burge mutane a wannan bidiyo iyawarsa ce, babu raga babu satin.

Ummi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya Bashir, misalan da ka kawo duka maza ne, kuma a ganina hakan ba haɗuwa ba ce kawai, domin a kan mata ne ma'aunin ya fi tsanani, musamman ta fuskar launin fata. Dogon safa da takalmin 'yar bale ruwan hoda ne, an zaɓe shi ne don ya saje da fatar Baturiya, ƙafar ta zama kamar layi ɗaya daga cinya har yatsa. Baƙar mace idan ta sa, sai a ga jikinta ya rabu biyu. Shekara da shekaru baƙaƙen 'yan rawa suna zama da soso da hodar kwalliya suna shafe takalmansu da igiyoyinsu har su yi ruwan ƙasa. Takalmin kuwa yadi ne da takarda da gam aka daskarar, ƙwararriya kan kashe guda a wasa ɗaya ko biyu, saboda haka shafar ba ta ƙarewa, kuɗin hodar ma daga aljihunta. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fara fitar da takalma masu launin fatar baƙi.

Kafin nan abin ya wuce takalmi. Janet Collins tana budurwa ta je gwaji a ƙungiyar Ballet Russe de Monte Carlo, aka ce za a ɗauke ta idan za ta shafe fuska da jiki su yi fari, ta ƙi, sai a 1951 ta samu shiga gidan wasa na Metropolitan Opera da ke New York. Arthur Mitchell, baƙar fata ɗan rawa, ya kafa ƙungiyar Dance Theatre of Harlem a 1969, bayan kisan Martin Luther King, kuma ƙungiyarsa ce ta mayar da safa da takalmi masu bin launin kowane ɗan rawa al'ada tun shekarun 1970. Misty Copeland ba ta zama babbar tauraruwa a American Ballet Theatre ba sai 2015, ita ce baƙar mace ta farko cikin shekara 75 na ƙungiyar.

Wadda labarinta ya fi shiga raina ita ce Michaela DePrince, haifaffiyar Saliyo a 1995. Yaƙi ya mayar da ita marainiya, tana kuma da cutar da ke sa fata dabbare-dabbare, har a gidan marayu ana ƙyamarta. Hoton wata 'yar bale a bangon mujalla da iska ta kawo ƙofar gidan ne ya sa mata buri. Ta kai ga yin rawa a Holand da Boston, ta rasu a watan Satumba na 2024 tana da shekara 29. Hoton ya ba ta abin riƙewa, amma matar da ke cikinsa ba ta kama da ita, kuma ta sha faɗa cewa tun tana yarinya ake nuna mata ba a shirya karɓar baƙar 'yar bale ba.

Malam Auwal:

Madalla da wannan bayani, Ummi. Zan ƙara gargaɗi ɗaya don kada zancen ya zarce iyakarsa. Man bilicin da ya addabi matanmu, har hukumar NAFDAC ta bayyana shi a 2023 a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a, ba rawar bale ce ta kawo shi ba, fifita farar fata ya daɗe a cikinmu kuma yana da tushe da yawa. Abin da tarihin bale ke nuna mana shi ne yadda ake kafa irin wannan ma'auni. Wani mai iko ya zaɓi siffa, makaranta ta riƙa ɗaukar masu ita kawai, kamfani ya riƙa ƙera kaya don su kawai, bayan shekara hamsin sai mutane su ɗauka haka aka halicci kyau.

Malam Isufu Damagaram:

Haka ne, Malam, kuma a Faransa an fara taɓa wannan tsari ta hanyoyi biyu. A watan Fabrairu na 2021 Opera na Paris ya fitar da rahoton da Pap Ndiaye da Constance Rivière suka rubuta, bayan wasu baƙaƙen ma'aikatansa sun kai ƙorafi a rubuce, aka daina shafa wa 'yan rawa baƙi ko fari don canza musu launi, aka kuma yarda da safa da takalmi masu bin fata. A watan Maris na 2023 Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne kuma yana cikin masu wancan ƙorafi, ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayi mafi girma a gidan, fiye da shekara 350 bayan kafa shi.

Ta ɓangaren masu ɗinki kuwa, bayan mutuwar wasu masu tallan kaya biyu daga Kudancin Amurka a 2006, Luisel Ramos da Ana Carolina Reston, aka fara matsa lamba. A shekarar ce masu shirya baje kolin kayan yayi na Madrid suka hana waɗanda suka rame fiye da kima fitowa. Faransa ta yi doka da ta fara aiki a 2017, wadda ta wajabta wa mai tallan kaya takardar likita, duk kamfanin da ya ɗauke ta ba tare da ita ba zai iya fuskantar tarar Yuro 75,000 da ɗaurin wata shida. Dokar ta kuma ce hoton tallan da aka rage ko aka ƙara wa jiki da kwamfuta dole a rubuta a jikinsa cewa an gyara shi. Sai dai wannan rubutu ba ya bin hoton duk inda ya je. Hoton da ya bi ta Instagram da TikTok aka yanke shi aka tura ta WhatsApp, kafin ya iso wayar wata yarinya a Maraɗi ko Kano rubutun ya ɓace. A ganina alhakin faɗa mata cewa ƙugun da take gani an rage shi da na'ura ya rataya ne a kan wanda take nuna wa hoton, ko uwa ce ko tela ko malamar makaranta.